Atisaye na ƙaruwa, ƙarfi na raguwa: Abin da ke kayar da lambar ɗan tseren keke a zafin Dogon Dutsi

Wanda ya taso daga Dosso ya nufi gabas a kan babbar hanyar RN1 zai ratsa Kore Mai Ruwa a gundumar Tibiri, kafin tsaunukan Dogon Dutsi su bayyana a gabansa. Kwalta ce doguwa, ba hawa sosai, ba gangara sosai, irin wadda ɗan tseren keke ke so idan zai gwada kansa. Amma kuma hanya ce ta ƙasar da zafin rana ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, iskar hunturu ke busowa daga arewa maso gabas tun daga Disamba, sauro kuma ya karɓi gari da zarar damina ta zauna.

A wannan ƙasa ta Arawa keke ba baƙon abu ba ne. Shi ne na zuwa gona, na zuwa makaranta, na kai buhun hatsi kasuwa. Baƙon abu shi ne lambar da ta shigo tare da wayar hannu da kekunan tsere na gwanjo da 'yan uwa mazauna Turai ke aikowa, wato lambar wat, ma'aunin ƙarfin da ƙafa ke zubawa a kan feda. Tun da Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci matakai uku a gasar Tour de France ta 2024 ya kuma tafi da koriyar riga, sannan Kigali ta karɓi gasar cin kofin duniya a Satumban 2025, karo na farko a nahiyar Afirka, matashin Sahel da ke da keke da waya ya samu dalilin tambayar kansa ko shi ma nawa ƙafarsa ke bayarwa.

Matsalar tana zuwa ne ranar da lambar ta sauka. Mutum ya yi mako shida yana fita da asuba, ya ƙara nisa, ya ƙara gudu, ya zo gwaji sai ya ga ya koma baya.

Yadda ake fitar da lambar

Na'urar auna ƙarfin taka keke ta faro ne daga Jamus a tsakiyar shekarun 1980, a hannun injiniya Ulrich Schoberer wanda ya kafa kamfanin SRM. Amma abin da ya kai ta hannun 'yan wasa na gama-gari shi ne ma'aunin da ake kira FTP, wanda masanin motsa jiki Andrew Coggan da mai horarwa Hunter Allen suka yaɗa a littafinsu na 2006. A taƙaice, FTP shi ne ƙarfi mafi girma da mutum zai iya riƙewa na kimanin awa guda ba tare da ya faɗi ba.

Da yake awa guda cur a kan iyakar ƙarfi azaba ce, sai aka samo gajeriyar hanya. Mutum ya ɗumama jiki, ya taka iya ƙarfinsa na minti 20, a ɗauki matsakaicin abin da na'ura ta nuna, a rage kashi 5 cikin ɗari. Akwai kuma gwajin da manhajoji irin su Zwift ke amfani da shi, inda ake ƙara nauyi kowane minti har ƙafa ta ƙi, sannan a ɗauki kashi 75 cikin ɗari na minti mafi ƙarfi.

A ɗauki misali. Saurayi mai nauyin kilo 62 ya yi gwajin minti 20 a watan Fabrairu ya samu wat 240, FTP ɗinsa ya zama 228. Ya sake a farkon Afrilu ya samu 225, wato FTP 214. An yi asarar wat 14, kusan kashi 6 cikin ɗari. A idonsa mako shida sun tafi a banza. Abin da yawanci ke biyo baya shi ne ya ƙara atisaye, ya soke ranar hutu, ya sake gwajin bayan kwana biyu cikin fushi. Duka ukun kuskure ne, domin gwajin ba ya auna ƙarfin da mutum ya tara a jiki. Yana auna abin da jikin ya iya fitarwa ne a wannan safiyar, a wannan zafin, da wannan barcin da wannan abincin.

Kafin ma a kai ga jiki, ita kanta na'urar abar tuhuma ce. Masu ƙera ta suna cewa kuskurenta kashi 1 zuwa 2 ne cikin ɗari, wanda a kan wat 240 ya kai wat 5 sama ko ƙasa. Ƙarfen da ke cikinta yana motsawa da zafi, don haka wanda ya fito da keke daga ɗaki mai sanyi zuwa rana ya kamata ya jira minti goma ko sha biyar sannan ya mayar da ita kan sifiri. Masu araha kuma ƙafar hagu kawai suke aunawa su ninka biyu. Idan gwiwar hagu na ciwo mutum ya karkata kan dama ba tare da ya sani ba, lambar za ta faɗi alhali ƙarfin yana nan.

Mafi yawan masu keke a Dutsi da Tibiri ba su da wannan na'ura, domin tana da tsada. Abin da ke hannu shi ne waya da manhajar Strava, ko agogo da alamar kilomita a bakin hanya. Nan ma akwai tarko, kuma ya fi girma. Wat ɗin da Strava ke nunawa ga wanda ba shi da na'ura ƙiyasi ne da aka lissafa daga gudu da nauyi da tudu, bai san akwai iska ba. Ita kuwa iska ita ce babbar abokiyar gabar mai keke a fili: ƙara gudu da kashi 10 cikin ɗari yana buƙatar ƙarin kusan kashi 33 na ƙarfin da ake kashewa wajen keta ta. Wanda ya auna kansa daga Kore Mai Ruwa zuwa Dutsi a watan Janairu yana fuskantar iskar hunturu, a watan Yuli kuwa iskar damina daga kudu maso yamma ce ke tura shi. Kwatanta waɗannan biyu kamar kwatanta farashin hatsi na kaka da na bazara ne. Gwajin da ya fi kusa da gaskiya shi ne a je a dawo a kan yanki ɗaya na hanya, a lokaci ɗaya na safiya, da iskar taya ɗaya. Kuma RN1 hanyar manyan motoci ce, mai gwaji kuwa yakan sunkuyar da kai idan gajiya ta kama shi. Gara a samu abokin tafiya a baya.

Zafi ne ɓarawo na farko

Tsokar ɗan Adam ba inji ne mai tattali ba. Cikin makamashin da take ƙonawa, kashi 20 zuwa 25 ne kawai ke zama aiki a kan feda, sauran duk zafi ne. Mai taka wat 240 yana hura wutar da ta haura wat 700 a cikin jikinsa, kuma dole ya fitar da ita. Jiki yana yin haka ne ta hanyar tura jini zuwa fata da kuma gumi. Jinin da ya tafi fata kuwa jini ne da tsokar cinya ta rasa. Zuciya sai ta ƙara bugu don ta biya buƙata biyu, ƙwaƙwalwa kuma ta rage ƙarfin da take bari ƙafa ta fitar tun kafin abin ya kai ga haɗari.

An auna girman wannan asara. A wani bincike da masu nazari na cibiyar Aspetar da ke Doha suka wallafa a 2015, an ɗauki ƙwararrun 'yan keke daga arewacin Turai aka sa su tseren kilomita 43 a sanyin ƙasarsu, sannan aka kai su Qatar cikin zafin kusan digiri 37. A gwajin farko ƙarfinsu ya faɗi da kashi 16 cikin ɗari. Bayan kusan mako guda giɓin ya koma kashi 8, bayan mako biyu ya koma kashi 3. Babu wanda ya yi asarar tsoka a cikin jirgi. Jikin ne bai saba ba, da ya saba kuma ruwan jini ya ƙaru, gumi ya riƙa zuwa da wuri, lambar ta dawo. A gasar duniya ta Doha a Oktoban 2016 zafin cikin jiki mafi girma da aka auna a tsakanin 'yan tsere ya kai digiri 41.5.

Wannan ya shafi ɗan ƙasar da ke zaune a Brasels ko Liyon ko Montiriyal, wanda ya yi watannin sanyi yana taka keke a ɗaki da fanka a gabansa, ya zo hutu gida da na'urarsa. Idan ya ga wat 40 sun ɓace a makon farko, ba tsufa ba ne, ba kuma tuwon gida ba ne. Ya ba jikin kwana goma zuwa sha huɗu, yana fita da sassafe ba tare da matsa wa kansa ba, kafin ya yi tunanin gwaji. Shi kuma mazaunin Dutsi, duk da ya saba, sabo yana rage asarar ne, ba ya shafe ta. Lambar Disamba da ta Mayu ba za su taɓa zama ɗaya ba. Farkon damina ma yakan fi wuya, domin danshin iska yana hana gumi bushewa, gumin da ya zuba ƙasa kuwa bai sanyaya kowa ba.

Sai ruwa. A irin wannan zafi mai keke na iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu na gumi a awa guda. Da zarar asarar ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki, ƙarfin juriya ya fara raguwa, ga mai kilo 62 kuwa wannan bai wuce lita ɗaya da kwata ba. Hanyar sani mai sauƙi ce: a hau sikeli kafin fita da bayan dawowa, kowane kilo da ya ɓace lita guda ce. A watan azumi, gwaji da la'asar ba zai faɗi komai ba sai ƙishirwa. Wanda ya matsu ya yi shi awa biyu ko uku bayan buɗa baki, mafi kyau kuma ya bari sai bayan salla da mako biyu.

Idan jini ne ya yi ƙasa

Akwai dalilin da littattafan horo na Turai da Amurka ba su cika tsayawa a kansa ba, amma a kwarin Dallol Mauri shi ya kamata a fara nema. Jini ne ke kai iskar oksijin ga tsoka, kuma duk abin da ya taɓa jajayen ƙwayoyinsa zai bayyana a kan feda tun kafin mutum ya kwanta.

Chris Froome, wanda aka haifa a Nairobi a 1985, ya yi shekarunsa na farko a matsayin ƙwararre yana tangal-tangal: yau ya yi kyau, gobe ya ɓace cikin na baya. A ƙarshen 2010 aka gano yana ɗauke da tsargiya, cutar da ake kamuwa da ita a ruwan tafki da fadama. Aka sa shi kan maganin praziquantel. A 2011 ya zo na biyu a gasar Vuelta ta Sifaniya, wadda daga baya, a 2019, aka miƙa masa nasararta bayan an soke wanda ya zo na ɗaya. Ya kuma ci Tour de France sau huɗu, a 2013, 2015, 2016 da 2017. Masu bin wasan sun daɗe suna gardama kan ko tsargiya kaɗai ta isa ta bayyana wannan sauyi, kuma gardamar tana da hujja. Amma abin lura a nan shi ne, ɗan wasa da ke ƙarƙashin likitocin babbar ƙungiya ya daɗe da tsutsa a jininsa ba a sani ba. Ina ga yaron da ya tashi yana wanka a tafki kowace damina, wanda ya ɗauki ɗigon jini a ƙarshen fitsari a matsayin abin da kowa ya taɓa yi?

Zazzaɓin cizon sauro ya fi tsargiya saurin aiki. Ƙwayar cutar tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, kuma bayan zazzaɓin ya sauka jiki yana buƙatar makonni kafin ya mayar da su. Lokacin da cutar ta fi tsanani a Nijar, daga Agusta zuwa Oktoba, shi ne kuma lokacin shirin babbar gasar yankin, Tour du Faso, wadda ake yi tun 1987 a ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Wanda ya gama shan magani ranar Laraba ya hau gwaji ranar Lahadi, lambar da zai gani ta majinyaci ce. Hawa keke da ƙarfi alhali jiki na da zazzaɓi, ko wane iri ne, ganganci ne da ke iya taɓa zuciya. Masu ɗauke da ƙwayar sikila ta gado kuma, ko da ba sa ciwo, haɗuwar zafi da ƙishirwa da matsanancin aiki ta fi yi musu haɗari.

Gwajin zazzaɓi na yatsa ana yin sa a cibiyar lafiya ta CSI cikin 'yan mintuna. Awon yawan jini da na fitsari ma ba su kai kuɗin sabuwar taya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar abin da ya gaza giram 13 na himogulobin a kowace desilita ga namiji, da 12 ga mace, a matsayin ƙarancin jini.

Gajiyar da waya ba ta gani

Atisaye kansa yana rage ƙarfi kafin ya ƙara shi. Ana gajiyar da tsoka, a huta, sai ta dawo da ɗan ƙari. Wanda ya yi gwaji a ƙarshen makonni uku masu nauyi gajiyarsa ya auna. Shi ya sa masu horarwa da yawa ke sa mako na huɗu ya zama mai sauƙi, gwaji ya biyo bayansa.

Wata matsaya da ƙungiyoyin masana wasanni na Turai da na Amurka suka fitar tare a 2013 ta raba abin hawa uku. Akwai gajiyar da ke wucewa cikin kwanaki zuwa mako biyu, wadda ita ake nema. Akwai wadda ke ɗaukar makonni zuwa watanni ba tare da wata riba ba. Akwai kuma ta ƙarshe wadda ke iya cinye watanni masu yawa, wani lokaci ta raba ɗan wasa da wasan. Babu alama a kan hanya tsakanin hawa na ɗaya da na biyu, kuma abin da ke tura mutum gaba sau da yawa shi ne fushin ganin lamba ta faɗi.

A nan rayuwar Arewa tana da nata lissafin. Manhaja tana ƙirga awa biyun da aka yi a kan keke, ba ta ƙirga awa biyar da aka yi da hauya a gonar hatsi a watan Yuli ba, ba ta san an ɗebo ruwa ko an sauke siminti ba. Jiki kuwa asusu ɗaya gare shi. Haka ma barci. Zaman fada har ƙarfe ɗaya na dare, shayi na farko da na biyu da na uku, sannan a tashi ƙarfe biyar don a riga rana fita: awa huɗu ke nan na barci, a ɗakin da bai huce ba. Shi kansa shayin, idan ana shan sa daf da cin abinci, yana rage ƙarfen da hanji ke tsotsa daga wake da hatsi da zogale.

Abinci ma ba ƙaramin abu ba ne. Tsokoki suna ajiye sukari kimanin giram 400 zuwa 500, kuma shi ne man da gwajin minti 20 ke ƙonawa. Wanda ya yi kwana uku yana dogon zango a kan koko da ƙosai zai zo gwaji da rabin tanki. Fura, tuwo, shinkafa da wake, dankali, dabino a aljihu, duk suna yin aikin da ake sayen fakitin Turai don shi. Idan saurayin misalinmu ya sauka daga kilo 62 zuwa 59 ba tare da ya nufa ba, zai iya lallashin kansa da cewa wat ɗinsa a kan kowane kilo bai sauya sosai ba, daga 3.7 zuwa 3.6. Amma ramewa tare da faɗuwar ƙarfi alama ce ta jikin da ba ya samun abin da yake kashewa.

Bugun zuciya yana taimakawa wajen rarrabewa, kuma auna shi kyauta ne: yatsa a wuyan hannu, minti ɗaya, kafin a tashi daga shimfiɗa. Idan ya haura abin da aka saba da biyar zuwa goma kwanaki a jere, wani abu na tafe. A kan keke kuma, ƙarfi ƙasa amma bugu sama ya fi nuna zafi, ƙishirwa ko ciwo. Ƙarfi ƙasa kuma bugun ya ƙi hawa duk yadda aka taka, wannan ya fi kama da gajiya mai zurfi.

Gajeriyar hanyar da ke kan tebur

Abin da ya sa wannan magana ta wuce ta wasa shi ne maganin da ke kusa da hannu. Tramol ba ɓoyayyen abu ba ne a garuruwan iyakar Nijar da Nijeriya, kuma da sunan maganin gajiya ake tallarsa ga mai aikin ƙarfi. Saurayin da lambarsa ta faɗi, ba mai horarwa, ba likita, shi ne ainihin wanda irin wannan talla ke kamawa.

Ƙwayar ba ta ƙara jini, ba ta sanyaya jiki, ba ta cika tsoka da sukari. Zafin da ke gaya wa mutum ya tsaya kawai take dusasarwa, ta bar shi da jiri da gyangyaɗi a kan hanyar da tirela ke bi, ga haɗarin farfaɗiya da kamu. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta haramta ta a lokacin gasa tun 1 ga Maris 2019. A 2022 Nairo Quintana ɗan Kolombiya ya rasa matsayi na shida da ya samu a Tour de France bayan an same ta a samfurin jininsa guda biyu, kotun wasanni ta duniya kuma ta tabbatar da hukuncin. Daga 1 ga Janairu 2024 hukumar WADA ta sa ta cikin jerin abubuwan da aka haramta a gasa a dukkan wasanni. Matashin da ke mafarkin sa rigar ƙasa a Wagadugu ko Kwatano zai iya rufe wa kansa ƙofar da ƙwayar dala ashirin.

Abin da ya dace bayan mummunan gwaji ba shi da armashi. A duba na'ura da taya da birki. A yi kwana huɗu ko biyar ana tafiya a hankali, a ci, a sha, a yi barci. A sake gwajin a wuri ɗaya da lokaci ɗaya. Idan lambar ta dawo, gajiya ce. Idan ba ta dawo ba, a karɓi sabuwar a sauke nauyin atisaye daidai da ita, domin ci gaba da aiki da tsohuwar lamba yana mayar da kowace rana mai matsakaicin nauyi ta zama ta tsere. Gwaji sau ɗaya a mako shida zuwa takwas ya isa, kuma a rubuta a littafi har da zafin ranar da awannin barci, ta yadda Afrilun bana za a kwatanta shi da Afrilun bara, ba da Janairu ba.

Idan kuwa mako biyu na hutu sun wuce ƙafa ba ta dawo ba, ko aka ga zazzaɓi, ramewa, jini a fitsari, haki a kan ɗan ƙaramin tudu, ciwon ƙirji ko bugun zuciya marar tsari, a jingine keken a nufi asibiti.